Wutsiyar da Na Ɓoye wa Ardith

Twyla ta ƙwace makullin motata ranar Talata. Ta jefa shi cikin jakarta, ta ja zif, ta rataye jakar a kafaɗa. Ko kicin za ta shiga da jakar take shiga.

'Yata ce, ita kaɗai gare ni. A cikin wannan a-kori-kurar na koya mata tuƙi tana da shekara goma sha biyu, sai an sa mata matashi a baya ƙafarta ke kai birki. Yau ita ke riƙe mini makulli.

Sunana Elwood Tackett. Shekarata saba'in da shida. Hamsin daga ciki na yi su ina kiwon shanu a nan arewa da Dalhart, ban taɓa neman izinin kowa kafin in fita ƙofar gidana ba. Zan faɗa muku abin da na yi. Ba tausayinku nake nema ba. Na rasa wanda zan faɗa wa ne.

Ranar Litinin na dawo daga gari da la'asar, rana tana cikin idona, na kwashi turken ƙofar shinge. Fitila ɗaya ce ta fashe. Maƙwabci ya gani, bakinsa bai iya shiru ba, ya kira Twyla. Washegari ta iso daga Fort Worth da kwalaye cike da bayan mota.

"Ranar Lahadi za mu tafi, Baba. An gyara ɗakin."

"Wane ɗaki?"

"Wanda ka sa wa hannu tun watan Yuli. Kada ka ce mini ka manta."

Ban manta ba. Gidan tsofaffi ne, minti goma daga gidanta. Na sa hannu ne don ta bar ni in gama cin abincina. Ban ɗauka ranar za ta zo ba.

"Me ma ya kai ka gari da idon nan naka?"

"Tsutsa."

"Me?"

"Ƙanana na je nema. Na gida sun yi mata girma."

Ta juya ta dubi akwatin robar da ke kan teburin cin abinci, ta yi tsaki, ta ci gaba da naɗe kofuna da jarida.

Akwatin na Ardith ne. Ardith Crumley, shekara saba'in da ɗaya, mijinta ya rasu tun ban san ta ba. Tsaka take kiwo, irin mai zanen damisa, a ɗakin bayan gidanta, sama da shekara ashirin. Shekara huɗu bayan rasuwar Nadine, uwar Twyla, na gan ta a kantin abincin dabbobi riƙe da leda cike da gyare. Na ce kifi za ki kama? Ta ce in ka ga rafi a garin nan ka nuna mini. Daga nan ne. Kowace Laraba ina gidanta. Ta dafa wake da burodin masara, ni in gyara famfo ko ƙofa. In babu abin da ya lalace sai ta samo. Tun Kirsimetin bara akwai zobe a aljihun farar rigata mai maɓallan ƙarfe. Laraba nawa na shiga da shi na fito da shi, ni ma na daina ƙirgawa.

Yau Asabar kwana goma sha biyu ke nan da ta zame a matattakalar ƙofarta, ƙugu ya karye. Ina wurin aka ɗora ta a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ta riƙe hannun rigata.

"Sauran za su tafi wurin wani mutum a Amarillo, na riga na gaya masa. Amma ƙwan nan ba zai je ko'ina ba. Na Opal ne, na ƙarshe."

Opal tsohuwar tsakarta ce, shekara goma sha biyar suna tare. Ta yi ƙwai biyu, ta mutu bayan sati. Ɗaya ya ruɓe.

"Akwai ɗigon fensir a samansa. Kada ka juya shi, ko da wasa."

"Ni makiyayin shanu ne, Ardith."

"Ai shi ya sa. Ka san zaman jira. Saura sati biyu, kafin nan na iya riƙe waya."

Bai yi sati biyu ba. Kwana biyu ya yi. Da safen ranar da aka shiga da ita tiyata na buɗe akwatin ƙyanƙyasa na tarar ƙwan ya tsage.

'Yar tsakar ta fito, tsawonta bai wuce ƙaramin yatsana ba. Ratsin rawaya, ratsin baƙi, kai ya yi wa jiki girma. Tana kwance a gefe guda, ba ta taka ƙafa. Daga cibiyarta wani jan zare ya fito, a ƙarshensa guntun kwanduwa kamar ƙwayar masara. Na kira wayar Ardith sau uku. A kashe.

To ku saurara, nan ne wurin.

Maraƙi in ya faɗo bai miƙe ba, an san abin da ake yi masa. A goge shi da buhu har jininsa ya motsa. A kai shi ƙarƙashin jar fitila. A ɗura masa dakashi kafin awa biyu ta cika, ko yana so ko ba ya so. Maruƙan da na tayar haka cikin ƙanƙara, Allah kaɗai ya san yawansu. Hannuna bai tsaya ya tambaye ni ba. Na je rumfar shanu na kwance jar fitila, na rataye ta a kan akwatin. Na niƙe tsutsa da ruwa, na ja a sirinji. Na ɗauko ta, na goge ta da tsumma, na sa farce zan buɗe bakin.

Ta yi ƙara. Ban san abu ƙarami haka yana da murya ba. Ta suɓuce, za ta faɗa ƙasa, na cafko ta ta baya.

Ita ta faɗa cikin akwatin. Wutsiyar ta tsaya a tsakanin yatsuna tana motsi.

Na daɗe a tsaye. Sai da wutsiyar ta daina motsi na ajiye ta.

Wajen ƙarfe huɗu saƙon Ardith ya shigo. Haruffan a karkace, da gani maganin barci bai gama sakinta ba.

"Na ga kiranka. Ta fito ko? Kada ka taɓa ta. Kada ka ba ta abinci, kwanduwar ce abincinta har ta yi saɓa. Takarda mai laima a ƙasa. Duhu. Ɗumi ta ƙasa, gefe ɗaya, digiri casa'in na Farenhait. Ban da fitila, tana busar da su. Kuma kada ka kama wutsiya, nan za ta tara kitsenta."

Na karanta sau biyu. Duk wani kada da ke ciki na riga na aikata shi. Na kashe fitilar, na jiƙa takarda, na zauna da wayar a hannu. Yatsana babba ne, rubutu yana ɗaukar mini lokaci. Na rubuta kalma huɗu.

"Ta fito. Lafiya lau."

Ban taɓa yi wa mace ƙarya ba. Nadine ta yi shekara arba'in da huɗu da ni, in ta tambaye ni ko miyarta ta yi gishiri sai in ce ta yi. Amma tun ranar, kullum Ardith sai ta ce in turo hoto, kullum sai in ja gefen takarda in rufe bayan 'yar tsakar, in ɗauki kai da ƙafafun gaba. Wutsiyar ta bushe ta koma kamar tsinken ciyawa. Na sa ta a kwalin ashana. Kada ku tambaye ni dalili.

Daga Talata zuwa Juma'a Twyla ta kwance gidan nan kamar ana fiɗa. Kwalaye kashi uku, ta rubuta a jikinsu da baƙin alƙalami: na tafiya, na bayarwa, na shara. Sirdina ya shiga na bayarwa. Takalmana dogaye ƙafa uku, ta ce ɗaya ya isa, can ba a taka kashin shanu. Hoton aurenmu da Nadine ta naɗe shi da tawul. A bangon inda ya zauna fenti ya fi haske. Ina zaune a kujera guda da ta rage a falo, hulata a gwiwa, ina kallon motata ta taga.

Da safe ta dama mini kunun hatsi ba gishiri ba sukari, ta jera ƙwayoyi biyar a gefen kwano, ta tsaya a kaina.

"Ka shanye, Baba."

"Na ƙoshi."

"Cokali uku ka yi. Ina ƙirgawa."

"Kofi nake so."

"Likita ya ce kofi ɗaya a rana, ka riga ka sha. Buɗe baki."

Na karɓe cokalin daga hannunta. Na sha don ta matsa.

Ita kuwa 'yar tsakar, kwanduwar ta bushe ta faɗi a kwana na uku. Saɓa bai zo ba sai a na bakwai, shi ma ya maƙale a yatsunta, sai da na jiƙa auduga ina shafawa a hankali kamar yadda Ardith ta ce. Wurin wutsiyar ya rufe, bai yi ruwa ba. Amma abinci ko kallo. In sa tsutsa a marfin kwalba, tsutsar ta bi ta gaban hancinta, ita ta rufe ido. Ƙasusuwan ƙugunta suka fito. Da akwai wutsiya da tana da abin cinyewa kafin ta kai ga naman jikinta.

Na rubuta wa Ardith: "Ba ta ci."

"Niƙa tsutsa da garin alli kaɗan. Ɗigo ɗaya a kan hanci. Ka janye hannu. Ka jira. Ba a buɗe musu baki, su suke lasa in sun ga dama."

"In ba ta ga dama ba fa?"

"Sai ka dawo gobe. Yaya kai? Twyla na nan?"

"Tana nan."

"Me ta zo yi da kwalaye? Matar fasto ta gan su."

Na kife wayar a kan tebur. Wannan ma ban faɗa mata ba.

Safe da yamma ina ɗiga ɗigon. Ta goge shi a jikin takarda ta juya mini baya. Shekara hamsin ina sa dabba ta yi abin da nake so. Wannan ba ta kai nauyin kwabo biyu ba, ta zaunar da ni.

Ranar Juma'a Twyla ta zo kan teburin cin abinci, shi kaɗai ya rage ba ta taɓa ba.

"Baba, abin nan fa? Na kira gidan, sun ce kyanwa ko tsuntsu, ban da mai jan ciki."

"Ba ta jan ciki. Ƙafa huɗu gare ta."

"Ka je ka gaya musu. Ranar Litinin za a yanke wutar gidan nan. Ka mayar wa mai ita."

"Mai ita tana kwance."

"To ai ka gani." Ta ajiye tef ɗin da ke hannunta. "Ni ban ƙi Madam Crumley ba. Ta yi maka kirki, na sani, har ƙiba ka yi. Amma yanzu ita ma sai an ɗaga ta. Kai ba ka gani, ita ba ta tafiya. In ka faɗi wa zai ɗaga wa?"

"Ban faɗi ba."

"Turke ne ya zo ya same ka?"

Na juya na dubi akwatin.

"Ranar da Mama ta faɗi a kicin ɗin nan ina mil ɗari huɗu. Awa shida ina tuƙi, na iso an rufe mata fuska. Ba zan sake zaman jiran wannan kiran ba, Baba. Ka ji haushina in kana so."

Ta shiga ɗaki. Na ji tana fyace hanci. Da ba ta da gaskiya da na samu abin faɗa.

Asabar da safe hadari ya rufe rana, idona ya ƙi ganin hancin 'yar tsakar. Sau biyu ɗigon yana faɗawa a kan takarda. Na kira Twyla.

"Riƙe mini tocila."

"Ni? Kusa da wannan?"

"Ba ta da haƙoran cin lauya."

"Baba, akawu nake, sau nawa zan faɗa maka."

Ta riƙe, tana miƙe da hannu kamar mai gasa abu a wuta. Na ɗiga. Na janye hannu. Muka tsaya. Agogon bango ma an kwance shi, gidan shiru.

Harshen ya fito. Ɗan ja, siriri. Ya shafi hanci ya koma.

"Ta lasa," in ji Twyla a hankali. "Baba, ƙara."

Na ƙara. Ta lasa. Twyla ta matso har gashinta na taɓa kunnena, tana ƙirgawa a ƙasan maƙoshi. Ɗigo biyar. A na shida 'yar tsakar ta ɗaga kai, ta taka ƙafafun gaba, ta shige ƙarƙashin murfin da take ɓuya.

"Ina wutsiyarta?" Twyla ta tambaya.

"Babu."

"Haka ake haifarsu?"

"A'a."

Ta dube ni. Ta san fuskata. Ba ta ƙara tambaya ba, ta kashe tocilar.

"Tunda ta fara ci, za ta iya tafiya. Sa rigarka, in kai ka. Ka ba ta kayanta, ka yi mata sallama yadda ya kamata. Wannan dai zan yi maka."

Na sa farar rigar mai maɓallan ƙarfe, na goge takalmin da aka bar mini, na ɗauki hular zuwa coci. Kwalin ashana ya shiga aljihun hagu, inda zoben yake. Na cika kwalba da ruwan ɗumi, na naɗe ta da safa, na sa a cikin kular kai abinci gona, na ɗora akwatin a kai. Mil ashirin ina zaune a kujerar fasinja, kular a cinyata.

Gidan jinyar ba sa barin dabba ta shiga. Aka turo Ardith a keken guragu zuwa baranda, inda iska ba ta bugawa. Koriyar rigar sanyi, bargo a gwiwa, farin gashinta an kitse shi gida ɗaya. Ta sa jan baki. Twyla ta gaishe ta da ladabi, ta ce za ta jira a mota.

"Ka rame, tsoho."

"Kunu ake ba ni."

"Ka sa rigar Laraba ranar Asabar. Buɗe in gani."

Na ɗora kular a kan benci, na zauna, na buɗe, na ɗaga murfin. Ban ja takarda ba. Ardith ta sunkuya iya yadda ƙugun ya bar ta. Ta daɗe tana kallo.

"Idon Opal ne sak," ta ce. "Ta ci?"

"Ɗigo biyar, yau da safe."

"To za ta rayu."

Na jira. Ba ta ce komai a kan wutsiyar ba. Na sa hannu a aljihu. Na ga idonta ya bi hannun, na ga ta gyara zama. Na fito da kwalin ashana, na buɗe, na miƙa mata.

"Ni na yi. Ranar farko. Na sa mata fitila, na nemi ɗura mata abinci kamar maraƙi. Ta suɓuce na kama ta baya. Na ce miki lafiya lau, ƙarya na yi."

Ta dubi kwalin, ta dube ni.

"Elwood, shekara ashirin da uku ina kiwon tsaka. Hoto tara ka turo mini, duk kai. Ka ɗauka ban san abin da ke ƙarƙashin takarda ba?"

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ina so in ga kwana nawa za ka iya. Ka yi goma. Ban ɗauka za ka wuce uku ba." Ta rufe kwalin. "Za ta fito da wata. Ba za ta yi kyan ta farko ba, guntuwa ce mai kauri, amma tana aiki. Saura ɗaya maganar."

"Wace?"

"Kwalaye."

Na cire hula, na juya ta a hannu.

"Gobe za mu tafi Fort Worth. Na sa hannu tun Yuli. Can ba sa karɓar irinta, gidana kuma za a yanke wuta. Ki kira mutumin Amarillo ya zo yau ya ɗauke ta. Ya fi ni sanin aikin."

"Mutumin Amarillo yana da tsaka ɗari uku. Ba zai zauna safe da yamma a kan hanci ɗaya ba. Ni kuma saura sati uku a sallame ni. Gidana akwai wuta, makulli na ƙarƙashin tukunyar fure, ka san wurin."

"Twyla ta gama shiri."

"Twyla 'yarka ce, tana tsoro, kuma tana da dalili. Ka taɓa zaunar da ita ka gaya mata abin da kake so?"

Na dubi hular da ke hannuna.

"Ba ka taɓa ba. Ni ma ba ka taɓa ba. Aljihun nan abu biyu ne a ciki yau. Ɗayan tun bara nake kallon shatinsa kowace Laraba, ina zuba maka wake. Na ɗauka shi za ka ciro, ka ciro mini busasshiyar wutsiya." Ta jefa kwalin a cinyata. "An riƙo ka ta baya, za ka yar da ni ka suɓuce."

Can a filin ajiye motoci Twyla ta tayar da inji don ta ji ɗumi. Ina ganin kanta ta gilashi, tana duba agogo. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce saura minti biyar a shiga cin abinci.

Na rufe kular. Na ɗauke ta da hannu biyu na miƙa.

"Taki ce, Ardith. Ki karɓa."

Ta zura hannuwanta duka biyu a ƙarƙashin bargo, ta jingina da kujerar, ta kafe ni da ido.

"Ba zan karɓa ba."